Fuskar Mijinta a Bangon Sitona

Akwai abin da ya faru da ni a shekarar da ciwon citta ya shiga gonakin kudancin Kaduna, wanda har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shi ba. Duk wanda yake yankinmu ya san wannan shekara. Ganyen citta ya yi ɗorawa tun damina ba ta yi nisa ba, manomi ya tona ƙasa ya tarar da ruɓa tana wari. A shekarar ce kuma kuɗin man fetur ya tashi lokaci guda, har masu babura suka koma tura abin hawansu da hannu. Ni kuwa sana'ata sayen citta, na gada daga mahaifina, kuma ina da sito babba a Kafanchan, ba nisa da layin dogo. Sitona da a da ba ka samun wurin aje ƙafa, a wannan shekara in ka yi tari a cikinsa sai bango ya amsa maka.

Ina da wani aboki manomi a wani ƙauye gaba da Gidan Waya. Tun ina saurayi nake sayen cittarsa. Shi Kirista ne, dattijo a cocinsu, ni kuwa ɗan makarantar allo ne da ya tashi a gaban malamai, amma duk fitinun da garin nan ya gani ba wadda ta sa ya kai kayansa wani sito, ba kuma wadda ta hana ni zuwa ƙofar gidansa. Mutum ne mai waƙa. In yana tsaga citta don shanya, wuƙa tana aiki baki yana aiki, cikin yarensu, ni ban san abin da yake faɗi ba amma nakan zauna in saurara. Ya riga mu gidan gaskiya da ranin da ya gabaci ciwon cittar. Nakan ce Allah ya hutar da shi ganin gonarsa ta ruɓe.

Wata rana ina zaune a bakin sito ina lazimi bayan Azahar, sai ga 'yarsa a kan babur ɗin haya. Malama ce, tana koyarwa a Gidan Waya, kuma tun tana goye na san ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta leƙa cikin siton ta ce, "Baba, wannan wuri haka zai zauna ba kowa sai ɓeraye?"

Na ce, "Ɓerayen ma sun yi ƙaura, 'yata. Me za su ci?"

Sai ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce ta waya ta haɗu da wata mata a Amurka, daga cikin mutanen da kakanninsu suka fito daga ƙasar Meziko da maƙwabtanta. Ta ce waɗannan mutane sun gaji da yadda manyan kamfanonin fim suke nuna su, kullum ɓarayi ko 'yan aikatau, sai suka fara ɗaukar nasu da kansu, da ɗan abin da ke aljihunsu, suna nuna kakanninsu mata da unguwanninsu da yarensu. Kowace shekara sai su haɗu a unguwa su yi biki su kalla, masu shaguna da masu gidajen abinci su ɗauki nauyi. Ta ce, "Baba, mu ma haka muke. In an nuna kudancin Kaduna a talabijin, gawa ce ko gida yana cin wuta. Yaranmu suna da finafinai a wayoyinsu, na Bajju, na Atyap, na Ham, na Fulani, na Hausawan cikin gari, ba wanda ya taɓa gani. Ina so mu yi bikinmu. Matar ma ta aiko mana da ɗaya daga cikin nasu."

Na ce mata ni da fim ba mu saba ba. Muna yara, wanda aka gani a ƙofar silima sai ya kwana da shatar bulala. Na tambaye ta ko akwai raye-rayen banza a ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, tsofaffi ne da fartanya." Sai ta ciro wayarta ta miƙo mini. Ina dubawa sai ga abokina a zaune a kan kututture, da tsohuwar hularsa ta saƙa, yana tsaga citta yana waƙa. Ashe ta ɗauke shi shekara guda kafin rasuwarsa. Na riƙe wayar ina kallo har waƙar ta ƙare.

Ta ce, "Mama ta ji muryar, amma ba ta ga fuskar ba. Yanar ido ta rufe mata gani, in na ba ta waya sai ta ce haske kawai take gani. Likita ya ce abu babba mai haske shi take iya rarrabewa, kuma kullum raguwa yake. In aka haska shi a bango, ya yi girman mutum, za ta gan shi."

A nan na yanke shawara. Na ce sito na ba da, man janareta nawa ne, hayar benci tawa ce, motar da za ta ɗauko tsohuwa da matan ƙauyensu ita ma ni zan biya. Ba don ina da shi a yalwace ba, Allah ya sani, shekarar ta taɓa kowa. Amma akwai abin da in ka bari ya wuce ba ka sake samunsa a kasuwa.

Aka kafa kwamiti, aka ɗora wani tsohon hedimasta a kai, mutumin kirki, amma irin mutanen da ko sunan jariri za a raɗa sai an yi jawabin maraba da jawabin godiya. Shi ya ce biki ba ya yiwuwa ba tare da babban baƙo ba. Kuma gaskiya haka al'adarmu take a nan. Ko rufin aji za a ƙaddamar, sai an jera babban tebur, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an ɗora lemon kwalba da furen roba, an samo wani mai hali an kira shi shugaban taro, kuma ba a taɓa muhimmin abu sai ya iso. Suka zaɓo wani ɗan garinmu da ke zaune a Sabon Tasha can Kaduna, ɗan kwangila, wanda aka ce yana shirin neman kujera. Tun bai ci komai ba yaransa suke kiransa Onarabul. Na san mahaifinsa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai duba tikiti, mutum mai kunya da ba ya ɗaga murya. Onarabul ya yarda, ya ce zai ara mana majigi, zai kuma buga ƙyallen sanarwa.

Ƙyallen ya zo kwana kaɗan kafin biki, aka rataye shi a ƙofar sitona. Rabinsa fuskar Onarabul ce yana murmushi. Ni Ajami na iya sosai, boko kuwa ina karanta Hausa, Turanci sai dai in kalla. Wani mai shayi maƙwabcina ne ya karanta mini, ya ce an rubuta cewa Onarabul shi kaɗai ya ɗauki nauyin bikin. Malama ta zo tana huci, ta ce sai an sauke shi. Na ce ta bar shi. Wanda na yi dominsa ba ya buƙatar ƙyalle kafin ya sani. Wallahi wannan bai dame ni ba, ko a lokacin ko yanzu. Abin da ya dame ni yana gaba.

Ranar Asabar aka yi. Da rana muka tsara, don ba wanda zai yarda yamma ta yi masa a hanyar ƙauye a wannan zamani. Muka toshe tagogi da buhunan citta da ba su samu abin zubawa ba, aka shafa wa bangon gabas farar ƙasa. Siton ya yi duhu, yana ƙamshin citta na shekara da shekaru, har wasu suna atishawa. Mutane suka cika shi, ɗalibai daga Gidan Waya, matan kasuwa, wani fasto da matarsa, limamin unguwarmu da ya ce ya zo ne ya ga abin da na jawo wa kaina, Fulani biyu da aka ce musu an ɗauki shanunsu a fim.

Motar ƙauye ta iso da hantsi. Direban, tun bai kashe mota ba, ya leƙo ya ce, "Alhaji, mu yi magana tun yanzu. Rana tana karkata zan tashi. Ko uwata ce a ciki ba zan bi hanyar nan da magariba ba." Na ce na ji, kuma ban ga laifinsa ba.

Aka sauko da tsohuwa. Ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, sabo fil, da ɗankwali iri ɗaya, ta riƙo ƙullin acca ta kawo mini. Ta laluba ta kama hannun rigata ta ce, da irin Hausarta, "Alhaji, kai ne? Murya naka bai tsufa ba. Yarinya ya ce yau zan ga Baba."

Na ce, "Da yardar Allah, Mama, yau za ki gan shi."

Ta ce, "To a sa ni gaba. Ido na ba ya tafiya nesa."

Muka sa ta a bencin farko, daf da bango.

Aka buɗe da addu'a, liman ya yi, fasto ya yi. Babban tebur yana gefe da furensa, kujerar tsakiya ba kowa. Aka jira. Da jiran ya yi yawa mutane suka fara guna-guni, sai hedimasta ya yarda a fara da ƙananan finafinai, wai don a gwada na'ura. Na farko shi ne wanda matar Amurka ta aiko. Malama tana tsaye tana fassarawa. Labarin wata tsohuwa ce da jikarta, tsohuwar tana aikin tsinkar albasa a gonar wani, jikar kuwa ta fara jin kunyar yaren gidansu. Da aka nuno tsohuwar tana murza ƙullin masara tana gasawa a kan faranti, sai wata mata daga baya ta ce, "Kai! Ashe a Amurka ma masara suke ci!" Sito ya ɗauki dariya. Da jikar ta amsa wa kakarta da Turanci, sai matan ƙauye suka hau tsaki, wata ta ce, "Irin na gida na ke nan. Ka yi masa yare ya ce maka yes." Ni da nake tsoron fim, sai ga ni na matso da kujera.

Aka nuna na wani saurayi game da tsoffin ma'aikatan jirgin ƙasa, aka nuna na shanun Fulani, masu shanun suna kiran sunan kowace saniya da ta gifta. Aka nuna na wata yarinya game da masu daka acca. Kowane fim, tsohuwa sai ta juyo ta ce, "Shi ne?" A ce mata saura kaɗan.

Na duba ta ƙofa na ga inuwa ta fara tsawo. Na je wurin hedimasta na ce, "Malam, a sa na dattijon nan yanzu. Matarsa tana da tafiya."

Ya kama baki kamar na yi saɓo. Ya ce, "Haba Alhaji! Shi ne babban fim ɗinmu. Yaya za a yi shugaban taro ya zo ya tarar an gama da mafi kyau? Me za mu nuna masa? Yana hanya, an ce ya wuce Kachia."

Na ce, "In ya zo a sake nuna masa."

Ya ce, "Ba a yin haka. Raini ne. Kai ma in baƙo zai zo gidanka ba ka barin yara su fara taɓa naman."

Malama ta yi ta roƙonsa. Sauran 'yan kwamiti suka goyi bayansa, suna cewa majigin ma na mutumin ne. Ku duba wannan tunani! Matar da aka yi abin dominta tana zaune a gabanmu, idonta yana ƙarewa, amma mun ajiye fuskar mijinta muna jiran wanda bai taɓa sanin mijin ba. Kuma ba mugunta ce ta sa hedimasta ba. Ladabi ne, irin wanda aka koya mana har ya rufe mana ido fiye da yanar da ke idon tsohuwa.

Aka kira La'asar, muka fita ni da liman da sauran Musulmi muka yi salla a gefen sito. Muna cikin tahiya na ji ƙarar motoci da ihun yara. Da na sallame na koma ciki na tarar an kunna fitila, an tsayar da komai. Onarabul ya zauna a kujerarsa cikin farar shadda, yaransa sun cika gefen tebur. Mai gabatarwa ya fara gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da muƙaminsa, har da waɗanda ba su zo ba. Hedimasta ya yi jawabin maraba. Wani ya karanta tarihin Onarabul tun daga firamare. Sannan shi kansa ya miƙe, ya ce ba zai tsawaita ba, ya kuwa tsawaita. Ya ce shi mai son al'ada ne. Ya ce matasa su ne gobe. Ya kira abin da muke yi da suna uku daban-daban, ba ko ɗaya da ya dace.

Da ya zauna na ce alhamdu lillahi. Aka kashe fitila, majigi ya haska. Tsohuwa ta gyara zama, ta goge idonta da bakin ɗankwali, ta miƙa wuya. Sai kiɗa ya tashi, sai ga rijiyar burtsatse a bango, ga Onarabul yana yanka ƙyalle, ga shi yana buga famfo, ga shi yana shan ruwa da tafin hannu. Ashe wani yaronsa ya ture ɗalibin da ke kula da na'ura ya sa nasu.

Na ji tsohuwa tana tambayar ta kusa da ita, "Wannan fari-fari ɗin, Baba ne? Ina ya samu babban riga?"

Ban san lokacin da na isa babban tebur ba. Na sunkuya na ce, "Yallaɓai, don girman Allah a tsayar da wannan. Akwai tsohuwa da ta zo daga ƙauye ganin mijinta da ya rasu, motarsu za ta tashi."

Ya yi murmushi irin na jikin ƙyalle ya ce, "Baba Alhaji, yanzu zai ƙare. Jama'a suna so su ga aiki."

Na ce, "Ba wanda ya zo nan ganin famfo."

Wani yaronsa mai baƙin tabarau, a cikin wannan duhu, ya sa hannu a ƙirjina ya ce, "Baba, ka je ka zauna, akwai tsari." A cikin sitona, da man da na saya! Bayan rijiya ta farko sai ga ta biyu, bayan ta biyu sai ga rabon buhunan shinkafa. A waje kuwa direba ya danna oda, ya sake dannawa, sannan ya shigo da kansa ya ce duk mai tafiya ta fito, shi ya gama magana. Na bi shi na ce zan ƙara masa kuɗi. Ya ce, "Alhaji, kuɗi ba ya tare hanya." Na ce tsohuwa ta kwana a gidana, iyalina za su kula da ita. Ta ce ta bar jikoki ƙanana da awaki, kuma gobe Lahadi, ita ke buɗe ƙofar coci.

Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe sabon zanenta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Alhaji, ka yi ƙoƙari. Ubangiji ya gani. Baba dai bai kai rijiya daraja ba." Aka riƙe hannunta aka fita da ita, hasken majigi yana bin bayan ɗankwalinta.

Motarsu ba ta gama juyawa ba fim ɗin rijiya ya ƙare. Onarabul ya duba agogo ya ce yana da wani taro, kuma shi ma ba ya son dare a hanya. Ya miƙe, teburin duka ya miƙe. Yaransa suka cire wayoyin majigi suka naɗe, suka sa a bayan mota. Fim ɗin da aka ajiye masa tun hantsi, ko sunansa bai tambaya ba. Hedimasta yana tsaye riƙe da takardar jawabin godiya, bakinsa a buɗe. Malama ta zauna a kan benci ta rufe fuska.

Na bi shi har mota. Ni ba mai faɗa ba ne, malamanmu sun hore mu da riƙe harshe, amma ran nan na ce masa, "Ka ci amanar tsohuwa a ƙarƙashin rufina. Akwai bashi a kanka, kuma ni ne shaida." Ya ce, "Baba, za mu yi magana," gilashi ya tashi.

Kwanaki abin yana damuna. Ko acca da ta kawo na kasa cewa a dafa. Malama ta samo aron wani majigi daga wata coci, ta ce za ta kai ƙauye. Tsohuwa ta ƙi. Na je da kaina na roƙe ta. Tana zaune a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa da laluben hannu, ta ce, "Alhaji, na sa sabon zane, na gaya wa dukan mata za su ga miji na. An kira ni cikin mutane, an manta da ni cikin mutane. Ba zan kalla shi a ɓoye kamar abin sata ba. Wanda ya tare mini hanya, shi zai zo ya buɗe." Na ce mata irin waɗannan mutane ba sa dawowa. Ta ce, "To shi ke nan. Zan gan shi a sama." Na dawo ina jin haushinta kaɗan, amma a raina na san tana da gaskiya. Idon kuwa yana ta tafiya.

Sai da damina ta gaba ta kusa, rannan ga motar Onarabul a ƙofar sitona. Ya sauko da fara'a, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Ya ce ya samo takin zamani zai raba wa manoma, yana neman wurin ajiya mai rufi mai kyau kusa da kasuwa, kuma nawa ne ya fi. Ya ce in faɗi kuɗin haya.

Na ce, "Sai ka biya na baya."

Ya ce, "Nawa ne? Ai na zaci kwamiti sun sallame ka." Ya juya zai kira yaronsa mai jaka.

Na ce, "Bar jakar. Ba nawa ba ne, kuma ba na kuɗi ba ne." Na sa ya sallami yaransa, na ba shi benci, na ba shi labarin tun daga farko, da waƙar tsaga citta, da yanar ido, da sabon zane. Wallahi bai ma tuna da ita ba. Ya ce ai yaransa ne, shi bai sani ba. Na ce na gaya masa da bakina a babban tebur. Ya ce to zai aika mata da buhun taki da atamfa.

Na ce, "Na san mahaifinka. Ina ganinsa yanzu da farar rigar aikinsa, yana huda tikiti, yana ce wa kowa sannu da hanya. Kana da hotonsa mai motsi?"

Ya ce ko mara motsin ma guda ɗaya ne, kuma ruwa ya ɓata shi.

Na ce, "Da za a ce maka yau za a haska shi a bangon nan, yana tafiya yana magana, ka zo ka zauna tun safe, sai wani ya tsaya a gabanka da famfo har lokacinka ya ƙare, buhun taki nawa za ka karɓa?"

Ya tashi ya shiga mota ya tafi, ko sallama babu. Na ce a raina an rabu ke nan.

Ranar Asabar ta mako na gaba, da hantsi, Malama ta kira ni tana magana da sauri. Ta ce Onarabul yana ƙofar gidansu a ƙauye, shi kaɗai yake tuƙi, ya kawo bas a bayansa don sauran mata. Ta ce ya cire hula ya durƙusa, Mama ta bar shi a durƙushe har ta gama ɗaura zanenta. Na tashi maƙwabta, muka toshe tagogi da buhuna, mai shayi ya kawo bencinsa, aka aika wa hedimasta da liman da fasto. Labari ya zaga kasuwa, kafin su iso siton ya cika. Ba tebur, ba fure. Hedimasta ya matso kusa da ni ya ce ko a ɗan yi gajeren jawabi. Na dube shi, ya koma ya zauna.

Onarabul da kansa ya ɗauko majigi daga mota, ya riƙo hannun tsohuwa ya kai ta bencin gaba, sannan ya koma can baya kusa da ƙofa ya zauna tsakanin masu dako. Aka kashe fitila.

Waƙar ta fara fitowa, sannan ga shi a bango, ya fi girman mutum, a kan kututturensa. Matan ƙauye suka ɗauki amshi. Tsohuwa ta miƙa wuya, ta goge ido, ta sake gogewa. Na ga tana girgiza kai, gabana ya faɗi, na ce mun makara. Sai ta miƙe, ta taka a hankali har ta kai bango, ta tsaya a gefe don kada inuwarta ta rufe shi. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, fuskarta kusan tana taɓa farar ƙasa. Ta sa hannu a kan kumatunsa. Sannan ta juyo ta ce da ƙarfi, "Wannan hula! Sau nawa na ce ya yar da wannan hula? Yarinya, ka bar shi ya shiga fim da wannan hula?"

Siton ya fashe da dariya, rabin masu dariyar suna share hawaye, har da liman. Ta tsaya a wurin har fim ɗin ya ƙare, ta ce a sake, aka sake.

Da aka buɗe ƙofa ta ce a kira mata mai rijiya. Ya zo ya durƙusa. Ta laluba ta dafa kansa ta ce, "Na gan shi. Tashi, ba ka da bashi na." Ya tashi idonsa ja, kuma a iya sanina wannan ne taro na farko da ya halarta bai yi jawabi ba. Takinsa ya zauna a sitona har aka raba, ban karɓi ko kwabo ba. Kafin kaka ta zo idon tsohuwa ya rufe gaba ɗaya.

Bikin yana nan ana yi, wasu 'yan kasuwa sun shigo muna haɗa hannu, matar Amurka ma tana aiko da nasu. Sharaɗina ɗaya ne, kuma kowa ya san shi. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, a kowane taro akwai wanda aka yi abin dominsa, kuma sau da yawa ba shi ne a babban tebur ba. A nemo shi tun da wuri a ba shi haƙƙinsa, domin mai babbar riga zai iya dawowa gobe, amma wani idon ba zai kai goben ba. Shi ya sa a sitona, duk wanda ya zo daga nesa da wanda ya fi tsufa, nasu ake fara haskawa, babban baƙo kuwa in ya iso ya nemi benci.